Ku Tambayi Malam: Kunkurun da ke zana lissafi a cikin waya

Assalamu alaikum masu karatu. Tun da na ce a fitowar da ta gabata da layi biyar na kod ɗin Python, wani harshen ba kwamfuta umarni, mutum zai iya sa wayarsa ta zana masa tauraro, saƙonni suka yi ta shigowa, mafi yawansu daga nan cikin Sakkwato da kewaye. Na zaɓi shida, na bar kowanne da harshen da aka turo shi, sunaye kawai na cire kamar yadda muka saba.

TAMBAYA: Malam barka da aiki. Ni malamin lissahi na a wata sakandare nan cikin gari, shekara tara ina koyarwa. In munka zo ga darasin kusurwa yara suna hardace cewa kusurwoyin waje na kowace sura in an tara su 360 na, su rubuta a jarabawa su ci, amma wallahi in ka tambaye su mi yas sa sai shiru. Na ga abin da kac ce na kunkuru, to mu ba mu da kwamfuta ko guda mai aiki, wuta ma sai an ga dama. Kunkuru ya so dambe ba yatsa ke nan. Mi za ni yi? Daga malamin lissafi, Mabera.

AMSA: Malam Allah shi saka da alheri, shekara tara a gaban allo da alli ba wasa ba ne. Bari in maimaita kod ɗin don waɗanda ba su ga na baya ba, sannan in zo kan rashin kwamfuta.

from turtle import *
for i in range(5):
    fd(200)
    rt(144)
done()

In da Hausa za a faɗe shi, cewa aka yi: kira kunkuru, sau biyar ka yi gaba taku 200 ka juya dama digiri 144. Shi ke nan. fd shi ne gaba, rt juya dama, shi kuma kunkurun wata ƴar kibiya ce a kan sikirin da ke tafiya tana jan layi a bayanta kamar sawun tafiyar maciji a rairayi. Abin da zai fito tauraro ne mai tsini biyar.

Dabarar ta daɗe. Seymour Papert, masanin lissafi haifaffen Afirka ta Kudu da ya yi aiki a jami'ar MIT ta Amurka, shi da Wally Feurzeig da Cynthia Solomon suka ƙirƙiro harshen Logo a 1967 musamman don yara, kuma kunkurayen farko injina ne na gaske masu taya da ke yawo a daɓe suna zane a kan takarda. Python da Guido van Rossum ya fitar a 1991 daga baya ya ɗauki kunkurun ya sa a cikin kayansa. Abin da ya sa na kawo maka Papert shi ne, shi da kansa ya nace cewa in yaro ya rasa yadda zai umarci kunkuru, to ya tashi tsaye ya zama kunkurun, ya taka surar da ƙafarsa. Ka ga a nan ba ka bukatar NEPA.

Fitar da su filin makaranta da sanyin safiya kafin ranar Sakkwato ta buɗe, ka ba yaro guda sanda ya riƙa ja a ƙasa, shi ne kunkuru, ba ya yin komai sai abin da aka ce masa, sauran aji su ne masu ba da umarni, wani kuma ya riƙe babban ma'aunin kusurwa na katako. Ce musu alwatika kake so mai gefuna uku daidai wa daida. Ina tabbatar maka kusan duk za su ce ya juya 60, saboda sittin ɗin suka hardace, yaro zai yi taku biyar ya juya 60, taku biyar ya juya 60, taku biyar, sai a ga zanen ya ƙi rufewa, ya zama rabin sura mai gefe shida. Kar ka gyara musu. Bar su su yi gardama, a cikin gardamar wani zai ce ai 120 ya kamata, domin mai tafiya ba kusurwar ciki yake juyawa ba, ta waje yake juyawa. Daga nan sai ka yi tambayar da ita ce duk darasin: yaron nan gabas yake kallo da ya fara, ga shi ya dawo inda ya tashi yana kallon gabas, to sau nawa jikinsa ya kewaya? Sau ɗaya cur, wato 360. Uku sau 120, huɗu sau 90, biyar sau 72, shida sau 60, duk wuri guda suke zuwa. Yaron da ya ji wannan a ƙafarsa ba ya sake mantawa. Tauraron can na sama kuwa biyar sau 144 ne, 720, kewaye biyu, ka bar musu shi su gano da kansu.

Maganar na'ura kuma wayarka ta isa in Android ce. Sauke Pydroid 3, manhajar rubuta Python a waya, daga Play Store, da zarar ya sauka ba ya bukatar data kafin ya yi aiki, kuma kunkuru na tafiya a ciki. Raba aji biyar-biyar waya ta riƙa zagayawa, amma da sharaɗi guda wanda ni a wurina ya fi kod ɗin kansa muhimmanci: kafin a danna, kowane rukuni ya zana a takarda abin da yake zaton zai fito. In ba a yi wannan ba kallo kawai aka yi. Gwada musu wannan a maimakon layuka ukun tsakiya na kod ɗin tauraro:

for i in range(150):
    fd(i*2)
    rt(90)

zai ba da murabba'i mai buɗewa kamar ana naɗa tabarma, sai ka ce a mayar da 90 ya koma 91, digiri ɗaya tak, a tambaye su me zai faru kafin su gani.

TAMBAYA: Salamu alaikum Malam. Ni ɗaliba ta, aji biyat na sakandare, baɗi in Allah ya kai mu za mu rubuta WAEC. Sin da cos sun hana ni barci. A alwatika na gane su, amma da anka zo ga giraf ɗin nan mai hawa da sauka sai nir rikice, mi ya haɗa alwatika da abin da ke lanƙwasa kamar maciji? Daga ɗaliba, Runjin Sambo.

AMSA: Ɗiyata tambayarki mai kyau ce ƙwarai, kuma abin da ya ɓace miki a tsakani da'ira ce. In kin taɓa wucewa wurin mai facin keke kin ga an kifa keke ana juya taya, dubi ɗan bakin da ake hura iska ta cikinsa. Taya na juyawa shi yana hawa sama, ya kai ƙololuwa, ya sauko, ya wuce saitin tsakiyar taya ya yi ƙasa, ya sake hawowa. Tsawon da yake sama ko ƙasa da tsakiyar tayar shi ne sin, nisan da ya yi dama ko hagu shi ne cos, in mun ɗauki nisan tsakiya zuwa baki a matsayin 1. Alwatikarki tana nan a ciki ba ta je ko'ina ba, wayar taya da ta tashi daga tsakiya zuwa bakin iskar ita ce gefe mafi tsawo, hawan da ya yi shi ne gefen da ke fuskantar kusurwa. Rubuta wannan da hannunki:

from turtle import *
from math import sin, cos, pi
speed(0)
pu()
for d in range(721):
    k = d*pi/180
    goto(-150+60*cos(k), 60*sin(k)); dot(3)
    goto(-60+d/3, 60*sin(k)), dot(3)
done()

Kunkuru zai riƙa tsalle tsakanin hagu da dama, a hagu yana ɗiga da'ira, a dama yana ɗiga macijin naki, kuma ki lura da kyau, ɗigon hagu da na dama kullum tsawonsu ɗaya, domin 60*sin(k) ɗin nan guda ne a layukan biyu. Bambancin kawai na dama ba ya komowa baya, gaba yake ta matsawa. Wato giraf ɗin sin da'ira ce aka warware ta aka shimfiɗa. Na sa 721 don taya ta juya sau biyu, shi ya sa za ki ga tudu biyu da kwari biyu. Layin k kuwa canjin ma'auni ne, sin da cos na Python ba sa ƙirga kusurwa da digiri, da wani ma'auni mai suna radiyan suke ƙirgawa, digiri 180 shi ne pi. In d ya kai 30 tsawon zai zama 30, rabin 60, ga sin 30 ɗin da kika hardace 0.5 ya fito miki a fili. Sai ki canja sin(k) na layin goto na biyu ya koma sin(2*k), ki faɗi abin da kike zato tukuna ki danna.

Wani abu da nake jin daɗin faɗa wa ɗalibai, kalmar nan ta yi doguwar tafiya kuma tana da ƴar'uwa a Hausa. Masanan Indiya irin su Aryabhata, da ya rubuta littafinsa a 499, suna kiran abin jya, wato tsirkiyar baka. Larabawa suka ara suka ce jiba, da yake rubutun Larabci ba a cika sa wasali ba sai masu fassara zuwa Latin a ƙarni na 12 suka karanta shi jaib, suka fassara da sinus mai ma'anar lanƙwasar tufa ko ƙirjin riga. Jaib ɗin nan shi ne al-jaib da ya zama aljihu a bakinmu.

TAMBAYA: Malam ni ban yi boko mai nisa ba, firamare nit tsaya, ɗinki nika yi, aikin wuyan riga da hula. Ƙanena yan nuna min zanen da yay yi da wayarshi sai nig ga kamar tambarin bayan babbar riga. Shin wanga abu za shi iya hidda min sabon zane da ba a saba gani ba? Daga tela, Tsohuwar Kasuwa.

AMSA: Maigida sannu da aiki, zai iya, kuma kai ka riga da yawa daga cikin ƴan boko sanin abin, sunansa na makaranta ne kawai ba a faɗa maka ba. Mai saƙa faifai tana farawa daga tsakiya tana naɗawa, kowane zagaye ya ƙaru da kaurin kaba ɗaya, tazarar ba ta canjawa har baki. Wannan naɗin shi ne wanda Arkimidis na Sirakus, da ya rasu shekara 212 kafin haihuwar Annabi Isa, ya yi rubutu a kansa, har yau da sunansa ake kiransa. Ka sa ƙanenka ya rubuta:

from turtle import *
from math import sin, cos, pi
speed(0)
for i in range(1800):
    k = i*pi/180
    goto(i/10*cos(k), i/10*sin(k))

zagaye biyar zai yi, tazarar kowane biyu 36. In ya mayar da 10 ya koma 20 a wuraren biyu naɗin ya matse kamar aikin hannu mai kyau. Amma wanda nake ganin zai fi yi maka amfani shi ne ya canja layukan ƙarshe zuwa haka:

for i in range(361):
    k = i*pi/180
    goto(150*sin(3*k), 150*sin(2*k))

Zare guda ne zai fito yana shiga yana fita yana gittawa kansa har ya dawo inda ya fara, da ka gani za ka tuna dagi, ba dagin Arewa ba ne sak amma danginsa ne a ido. Wani Ba'amurke Nathaniel Bowditch ya fara nazarin irin waɗannan a 1815, sai Bafaranshe Jules Lissajous ya zurfafa a 1857 sunansa ya bi su. Sirrin yana cikin 3 da 2 ɗin nan. Ƙirga sau nawa zanen ya taɓa gefen dama, uku, sau nawa ya taɓa sama, biyu. Sa 5 da 4 ka samu saƙa mai yawan ido kamar raga, sa 1 da 2 ka samu mai sauƙi da zai zauna a bakin aljihu. Waya ba za ta ɗinka maka ba, ka ɗauki hoton sikirin ka kwafa a takarda, kai ne za ka san wane zare zai hau wane zai bi ta ƙasa, wannan kod ɗin bai san shi ba.

Ga kuma wanda ba ya bukatar waya sam, aikin masu zare ne. Buga ƙananan ƙusoshi 60 a kewayen da'ira a kan falanki, ka ba su lamba daga 0 zuwa 59. Ja zare daga 1 zuwa 2, daga 2 zuwa 4, daga 3 zuwa 6, kowace lamba zuwa ninkinta, in ninkin ya kai 60 ko ya wuce ka cire 60 ka ci gaba. Duk zaren miƙaƙƙe ne amma kafin ka gama wata sura mai lanƙwasa kamar zuciya za ta bayyana a tsakiya, mai lotsawa wuri guda. In da uku ka ninka lotsawar biyu za ta zama kamar ƙoda, da huɗu uku. Malamin Mabera, wannan ma naka ne, jadawalin sau ne da yara ke rerawa kullum ya zama abin ratayewa a bango.

TAMBAYA: Malam ina aji uku a Jami'ar Usmanu Danfodiyo. Akwai matsalar nan ta Collatz, ka ɗauki kowace lamba, in tana rabuwa biyu ka raba, in ba ta rabuwa ka ninka da uku ka ƙara ɗaya, ka yi ta yi, wai dole ka sauka ga 1. Na rubuta kod na gwada tun daga 1 har miliyan guda, duk sun sauka, na zana giraf ɗinsu ma. Ashe ban warware ta ba ke nan? Gani ai ya kori ji. Daga ɗalibi, Dundaye.

AMSA: Ƙanena na ji daɗin himmarka har cikin raina, wanda ya zauna ya gwada lamba miliyan don kansa ya kama hanya. Amma a'a, ba ka warware ta ba, kuma gara in faɗa maka kai tsaye. Ga kod ɗin don masu karatu su gane abin da muke magana:

n = 27
while n > 1:
    print(n)
    n = n//2 if n % 2 == 0 else 3*n+1

27 ƙaramar lamba ce amma sai ta yi taku 111 kafin ta kai 1, a hanya ta hau har 9232, giraf ɗinta kamar tsaunuka. Bajamushe Lothar Collatz ya kawo tambayar a 1937, kuma an riga an sa manyan kwamfutoci sun gwada har sun wuce 2 da aka ninka da kanta sau 68, lamba mai ɗauke da alƙaluma 21, babu wadda ta ƙi sauka, duk da haka har yau zato ake kiranta ba tabbatacciyar ƙa'ida ba. Masanin lissafi Terence Tao a 2019 ya nuna cewa kusan dukkan lambobi suna gangarowa ƙasa sosai, amma kusan duka daban, duka daban. Lambobi ba su da iyaka, duk inda ka tsaya abin da ya rage ya fi wanda ka gwada.

Gani ya kori ji a kasuwa da wurin shari'a, a lissafi gani bai kori hujja ba, ga misali biyu ka gwada da kanka. Masanin lissafi Leonhard Euler a 1772 ya lura da n*n - n + 41. Sa 1, 2, 3, 4 za ka samu 41, 43, 47, 53, duk lambobin da ba sa rabuwa sai da kansu da ɗaya, ci gaba har 40 ba ko kuskure guda, mutum sai ya rantse ƙa'ida ce. Sa 41 sai ga 1681, wato 41 sau 41. Na biyu, ɗiga ɗigo a bakin da'ira ka haɗa kowanne da kowanne da layi ka ƙirga yankunan da aka samu, ɗigo ɗaya yanki 1, biyu 2, uku 4, huɗu 8, biyar 16, kowa zai ce shida 32 ne, to mafi yawan abin da za ka iya samu 31. Ita kanta kwamfutar ba a ba ta amana ɗari bisa ɗari, rubuta 0.1 + 0.2 a Python ka ga ta ba ka 0.30000000000000004, saboda da tsarin 0 da 1 take ajiye lamba kuma ɗaya bisa goma ba ya ƙarewa a wannan tsarin.

Kar wannan ya sa ka ajiye kod, amfaninsa shi ne ya nuna maka inda za ka haƙa. Ga wanda nake so ka yi aiki a kansa a wannan makon:

from turtle import *
from random import choice
tracer(100), pu()
p = [(-200,-150), (200,-150), (0,200)]
x, y = -200, -150
for i in range(5000):
    a, b = choice(p)
    x, y = (x+a)/2, (y+b)/2
    goto(x, y), dot(2)
done()

Kusurwa uku, kowane taku a zaɓi ɗaya da ƙuri'a a yi rabin tafiya zuwa gare ta a ɗiga. Hankali zai ce maka tarkacen ɗigo za a samu kamar an watsa gero, amma abin da ke fitowa alwatika ce mai rami a tsakiya, kowace ƙaramar alwatika a cikinta ma da nata ramin, haka har iya ganinka, ita ce surar da Waclaw Sierpinski ɗan Folan ya bayyana a 1915. Wannan kam ana iya kafa masa hujja kuma ba ta fi ƙarfinka ba. Tambayi kanka daga ina ɗigo zai taso in har rabin tafiyarsa zuwa wata kusurwa zai faɗa ramin tsakiya. Rubuto min abin da ka samu.

TAMBAYA: Malam ni dattijo na, karatun zaure niy yi. Jikana ya karanta min rubutunka. Mu mun san hatimi da aka jera lambobi cikin gidaje, ko ta ina kat tara su jimla guda ta. Shin ilimin naku ya san da shi? Daga Wurno.

AMSA: Baba Allah shi ƙara lafiya da nisan kwana. Ya san da shi sosai, har ma sunan ɗan ƙasar Hausa yana cikin tarihinsa. Muhammad ibn Muhammad al-Fulani al-Kishnawi, wato Bakatsine, ya rubuta littafi da Larabci a 1732 kan hanyoyin gina irin waɗannan gidaje masu adadin mara, uku-uku, biyar-biyar, bakwai-bakwai, ya zauna a Alƙahira a gidan Hasan al-Jabarti, mahaifin shahararren marubucin tarihin Masar, a can ya rasu a 1741. Ni ɓangaren hisabin kawai zan taɓa, sauran abin da ake yi da hatimi fagen malamai ne. Jikanka ya rubuta wannan:

n = 5
g = [[0]*n for a in range(n)]
r, c = 0, n//2
for k in range(1, n*n+1):
    g[r][c] = k
    if k % n == 0:
        r = r+1
    else:
        r, c = (r-1) % n, (c+1) % n
for layi in g:
    print(layi)

Abin da yake cewa, sa 1 a gidan tsakiya na layin sama, kowace lamba ta gaba ta hau sama ɗaya ta matsa dama ɗaya, in ta fita daga allon ta shigo ta ɗaya gefen, duk sanda aka cika biyar sai a sauko gida ɗaya ƙasa. Gidaje 25 za su cika, a tara a kwance, a tsaye, ko a karkace daga kusurwa zuwa kusurwa, 65 ne. In aka sa n ya zama 3 za a ga 8 1 6, sai 3 5 7, sai 4 9 2, jimla 15, na san wannan ba baƙo ba ne a wurinka. Dalilin 65 kuwa, 1 zuwa 25 in an tara 325 ne, a raba wa layi biyar. Wannan hanyar ana jingina ta ga Simon de la Loubère, jakadan Faransa da ya kai ta Turai bayan ya dawo daga Siyam, Tailan ta yau, a 1688, kuma a adadin mara kawai take aiki, a sa 4 ko 6 za ta lalace. Baba ina roƙon ka zaunar da yaron nan ka nuna masa yadda kai kake cika gidajen a allo, shi kuma ya yi ƙoƙarin mayar da hanyarka kod, in ya yi a turo min in buga a filin nan.

TAMBAYA: Malam yarona ɗan shekara 11 ya kwahe na tauraron a wayata amma jan rubutu kawai shika gani, har ya yi kuka. Mi munka yi ba daidai ba? Daga wata uwa, Arkilla.

AMSA: Hajiya ki ba shi haƙuri ki ce masa jan rubutun nan kowa na ganinsa har waɗanda suka shekara ashirin suna aikin, kwamfuta ce ke faɗin layin da ba ta gane ba, in ya duba zai ga lambar layin a ciki. Abu uku ne suka fi kawo shi a waya. Kibod yana mayar da harafin farko babba da kansa, for ya koma For, Python kuwa bai yarda ba, duk da ƙananan haruffa ake rubutawa, ki shiga saitin kibod ki kashe wannan da kuma gyaran kalma. Sai ɗigo biyu na ƙarshen layin for, yara na yawan mantawa da su. Na uku tazara, layin fd da na rt dole su matsa ciki, ya danna sifes sau huɗu kafin kowanne kuma su zama daidai da juna, done kuma ya koma bakin layi. Wani abu kuma, in ya zo ajiye fayil ɗin kar ya sa masa suna turtle, Python zai rikice ya kira fayil ɗinsa a maimakon kunkurun, ya sa masa tauraro. In ya fito, ki sa ya mayar da 5 ya koma 36, 144 kuma ya koma 170, ki zauna kusa da shi ku kalla tare.